Shin Ko Kun San? Saukar Kan Jariri Cikin Ƙugu

A Dogo Tebo da sauran unguwannin Potiskum, da zarar mai juna biyu ta shiga watanta za ka ji manyan mata na cewa, "Ai cikinta ya sauka." Ga abin da ke faruwa.

Shin ko kun san cewa saukar ciki na nufin wurin da ya fi faɗi a kan jariri ya shige ƙofar ƙashin ƙugun uwa? Faɗin kan yakan kai kimanin santimita 9.5. Ƙofar kuwa kimanin santimita 13 ce daga gefe zuwa gefe, 11 daga gaba zuwa baya. Shi ya sa jariri ke shiga yana fuskantar gefen uwa, sai naƙuda ta kankama ya juya.

Shin ko kun san cewa ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba? Sukan ɗan hau juna don kan ya samu hanya. Maɗigar nan da ake gani tana motsi a tsakar kansa tana cikin wannan hikima ta Ubangiji.

Shin ko kun san cewa a cikin fari kan yakan sauka daga mako na 36 zuwa 38, wato lokacin da yarinya take gida goyon ciki? Wadda ta taɓa haihuwa kuwa, sau da yawa sai naƙuda ta fara. Saukar ciki ba ta nuna ranar haihuwa, ana iya ƙara makonni.

Shin ko kun san alamominta? Numfashi ya yi sauƙi, ƙwannafi ya ragu, abinci ya samu wurin zama. A ƙasa kuma mara ta yi nauyi, fitsari ya yawaita, tafiya ta koma ta tale ƙafa.

Shin ko kun san cewa da yatsu biyar malamar awo ke auna saukar? Takan ɗora hannu a saman ƙashin mara ta lalubi kan. In yatsu biyar suka rufe shi, yana sama, har yana gocewa in an taɓa. In saura biyu ko ƙasa da haka, ya shige, ba ya motsi.

Shin ko kun san abin da ke hana kai sauka? Ƙugu ya yi ƙanƙanta, musamman ga yarinyar da jikinta bai gama ginuwa ba, ko jariri ya yi girma, ko mabiyiya ta tare hanya, ko ƙari a mahaifa. Jarirai 3 zuwa 4 cikin 100 kuma a zaune suke isa watan haihuwa.

Shin ko kun san cewa in faya ta fashe kai bai sauka ba, cibiya na iya riga jariri fitowa? Wannan na gaggawa ne, sai asibiti nan take.

Shin ko kun san cewa kan da ya maƙale a doguwar naƙuda yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje? Mafarin yoyon fitsari ke nan ga yawancin matan da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Ningi a jihar Bauchi. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, illa yake ƙarawa.

Shin ko kun san cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8, biyar daga ciki a watanni uku na ƙarshe?

Maigida, uwar miji, ungozoma: in naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko motsin jariri ya ragu, kada a jira gari ya waye. A nufi babban asibitin Potiskum ko asibiti mafi kusa. Allah Ya raba lafiya.