Gani Ya Kori Ji? Batun Wata da Kawalwalniya

Bahaushe kan ce gani ya kori ji, watau in ido ya shaida abu gardama ta ƙare. Da wannan ne mai shaida ke tsayawa gaban alƙali ya ce da idonsa ya gani. Amma wata ran sha huɗu ya isa ya sa a yi wa maganar tambaya.

Da magariba, sa'ad da ya leƙo daga gabas ta bayan rumbuna da kukoki, akan gan shi ƙato kamar faifai. In dare ya raba, ya hau tsakar sama, sai a ga ya tsuke. Alhali kuwa bai ragu ba. Faɗinsa kilomita 3,474 ne, nisansa daga duniya kimanin kilomita 384,400. Hasali ma, lokacin fitowarsa ya fi nisa da mai kallo da wajen kilomita 6,000. Wanda ya ɗauki hotonsa a lokutan biyu zai tarar girman kusan ɗaya ne. Wanda kuma ya naɗe takarda ya leƙa ta ciki, yadda rumbuna da itatuwa za su ɓace masa, nan take zai ga watan ya koma daidai.

Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tattauna wannan a littafinsa Kitab al-Manazir. Ya nuna cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin masu cewa ido ke fitar da shi. Aikin ido karɓa ne kurum, hankali ke yanke hukuncin girma gwargwadon nisan da ya zata. Gonaki da gidajen da ke tsakani kan sa ya ɗauka watan yana can nesa ƙwarai, sai ya ƙara masa girma.

Kawalwalniya kuwa daban take. Da rani, iskar da ke dab da kwalta kan fi ta samanta zafi, sai hasken da ya gangaro daga sama ya lanƙwasa ya taso cikin idon direba. Shuɗin sama ne ya gani a ƙasa, hankalinsa ya raɗa masa suna ruwa. Wannan kam tana fita a hoto sarai, domin lanƙwasar a cikin iska ta auku, tun hasken bai iso ido ba.