Labarin Damana: Daga Bakin Masana Zuwa Kasuwar Filinge

Ya kai mai karatu, manomin Kurfai, kowace shekara kafin shamuwa ta gama sheƙarta kana jin rediyo ta ce: masana sun duba, ga yadda damanar bana za ta kasance. Ran Lahadi a kasuwar Filinge sai ka tarar maganar ta riga ka isa. Wannan ya ce ruwa zai yi yawa, wancan ya ce an yi alkawarin hatsi. To, wa ya yi alkawarin? Zauna mu bi sawun maganar har inda ta fito.

Bayan babban farin 1973, ƙasashen Sahel suka haɗa kai, suka kafa ma'aikatar AGRHYMET a Yamai cikin 1974, don lura da ruwan sama da gonaki da koguna. A 1986 waɗansu masana a Ingila suka nuna cewa ɗumin ruwan teku yana da hannu cikin damanarmu, domin iskar da ke kawo mana hadari daga teku take tasowa. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin ruwa ya sauka, su auna wannan ɗumi, su gwada shi da na shekarun baya, su fid da hasashe.

Amma ba su cewa za a yi, ko ba za a yi ba. Kashi uku suke raba magana: ruwa ya fi na kullum, ko ya zo daidai, ko ya kasa. Kowane kashi su ba shi lamba. A ce sun rubuta 45, 35, 20. Ɗauki ƙwarya ka zuba goro ashirin: tara fari, bakwai ja, huɗu ruɓaɓɓe. Rufe ido ka sa hannu. Ya fi yiwuwa ka ɗauko mai kyau, amma ruɓaɓɓen nan huɗu suna ciki, ba wanda ya fid da su. Abin da masanin ya faɗa ke nan.

Kafin ta iso kunnenka, maganar ta bi hannu da yawa. An rubuta ta da Faransanci. Ɗan jarida ya taƙaita, domin minti biyu aka ba shi. Mai fassara ya juya ta zuwa Hausa da Zabarmanci da Tamajaƙ. Wanda ya ji a shago ya faɗa wa direba, direba ya sauke ta a tasha. A kowane zango ana zubar da kaya kaɗan, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne kalmar wataƙila. Ba ƙarya kowa ya yi ba. Mu ma na gidan rediyo muna da namu laifi, gama albishir ya fi daɗin faɗi.

Ga wata kalma mai ruɗi: daidai. Wurin masana, daidai shi ne matsakaicin ruwan shekara talatin na wurin, daga 1991 zuwa 2020. Daidai na Gaya kuwa ya kusa ninka na Filinge. Kuma hasashen na yanki ne mai faɗi, ba na gonarka ba. Kai ma ka sani ana ruwa a Shikal, Luma tana ƙura.

Yawan ruwa ma ba shi ne yawan damma ba. A 2024 an yi hasashen ruwa mai yawa, ya kuwa zo, amma ya zo da ambaliya wadda ta ci gidaje da gonaki da rayuka cikin Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Wata shekara kuma jimillar ruwa ta cika, amma ya ɗauke kwana ashirin bayan shibka, iri ya ƙone cikin rami. Saboda haka in ka ji labarin damana, kasa kunne ga abu uku da sukan zo can ƙarshen sanarwa: yaushe ruwa zai fara, yaushe zai ɗauke, kuma ko ana tsoron dogon tsayawa a tsakani. Su ne za su gaya maka ko ka nemi iri mai saurin nuna kamar HKP, ko ka rage bizne, ko ka ɓoye tiya biyu don sake shibka.

Da can an san maganin wannan. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru wurin akwati guda, su saurara, su tattauna, mai jagora ya ɗauki muryarsu a aika Yamai, a sa kowa ya ji. Magana tana zuwa tana komawa, manomi yana iya cewa ban gane ba.

Kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci, wannan aiki ya dawo hannunka. Ran da aka yi sanarwa, rubuta ta yadda aka faɗa, da ranar, da sunan wanda ya faɗa, ka karanta wa jama'a a dandali ba ƙari. In ka sami gwangwanin awon ruwa wurin malamin gona, kafa shi a fili nesa da itace da katanga. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Masu bincike a Sadore, kudu da Yamai, sun ɗauki milimita 20 cikin kwana uku a jere a matsayin farkon damana, in ba a sami tsayawar da ta wuce mako guda cikin watan da ya biyo ba. Ja layi uku a littafinka: rana, milimita, da abin da ka yi a gona. Da kaka ka ɗauko littafin, ka aza shi kusa da abin da rediyo ta ce, ka aiko mana mu karanta wa sauran garuruwa.