Allurar ƙashin baya ba aikin kowa ba ne

Ciwon baya ya yi yawa cikin karkara. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, manomi yana yini duƙe a gona. Mace tana daka, tana jan ruwa a rijiya. In baya ya ɗauki ciwo, wasu sai su ce allura ta fi ƙwaya.

Akwai wata allura da ake yi a gadon baya, dab da lakar baya. Ruwan da ake zubawa dangin kortizon ne, mai rage kumburi. Lokotoro yakan yi ta in jijiya ta matsu, ciwo ya sauka har ƙafa. Sauƙinta na 'yan makonni ne ko 'yan watanni. Ba ta kashe tushen ciwon.

Kowane magani, kafin a sayar da shi, sai hukuma ta bincika, ta faɗi ciwon da aka yarda a yi da shi, da hanyar da za a ba da shi. Wani lokaci lokotoro yakan yi aiki da magani ta hanyar da ba a rubuta ba. Nauyin yana wuyansa, kuma ya kamata ya yi wa maras lafiya bayani.

Haka wannan allura take. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta sanar cewa ba ta ba da izinin zuba kortizon kusa da laka ba. Ta ce jefi-jefi allurar tana kawo makanta, shanyewar jiki, har mutuwa. A 2012, can Amurka, gurɓataccen ruwan allurar ya sa wa mutum fiye da 750 ciwo, 64 suka rasu. Nijar ma ta ga jabu: a 2015 an gano rigakafin sanƙarau na ƙarya cikin ƙasa.

Saboda haka kada kowa ya miƙa bayansa ga mai tallan magani a kasuwa. Yawancin ciwon baya yana lafawa cikin 'yan makonni. Amma in ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi tsayawa, a tafi likita nan da nan. Tarin fuka ma yana cin ƙashin baya, kortizon kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, ana tura mutum asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi.