Wa Ya Zana Mutanen Kan Dutse?

A arewa maso yammacin Ostireliya akwai yankin da ake kira Kimberley, ƙasar duwatsu da kwazazzabai. Faɗinsa ya kusa rabin Nijeriya, amma mutanen cikinsa ba su kai 50,000 ba. A 1891 wani Bature mai kiwo, Joseph Bradshaw, ya kutsa can yana neman makiyaya, sai ya tarar da wasu zane-zane a jikin dutse. Siffofin mutane ne sirara, dogaye, masu launin ja mai duhu kamar busasshen jini. Kowanne ya sha ado: tuntu na reto daga ƙugu da damtse, ɗamara a ɗaure, wani dogon abin ka ya lanƙwasa ta baya, hannu riƙe da ƙere ko 'yar jaka. Yawancinsu ba su wuce kamu ɗaya ba, amma hannun da ya ja layukan ƙwararre ne, har tudun ƙwauri da karkatar kafaɗa sai da ya fitar. Da Bradshaw ya koma gari ya ba da labari, sai ya ce sun tuna masa da bangon gidajen bauta na tsohuwar Masar.

Daga wannan kwatancen gardama ta samo tushe. Mutanen da ke zaune a wurin, wato Aborijin 'yan asalin ƙasar, suna da zanen da kowa ya san nasu ne. Shi ne Wanjina: manyan fuskoki farare, masu dara-daran idanu, ba baki, waɗanda suke dangantawa da hadari da ruwan sama, kuma suna sabunta fentinsu lokaci bayan lokaci. Siraran mutanen nan kuwa ba su yi kama da Wanjina ba ko kaɗan. To wa ya zana su, kuma yaushe?

A 1938 wata tawaga daga Cibiyar Frobenius ta Jamus ta je ta kwafi zanen, daga nan sunan Bradshaw ya manne musu a littattafai. Wanda ya kafa cibiyar, Leo Frobenius, shi ne ya je Ile-Ife a 1910, ya ga kawunan da magabatan Yarabawa suka ƙera, ya ce aikin wata ɓatacciyar daula ce mai suna Atlantis. Ciwon iri ɗaya ne: idan aiki ya yi kyau ƙwarai, sai a ɗaga kai a nemo masa mai shi daga nesa, a tsallake baƙar fatar da ke tsaye a gabansa.

Wanda ya fi kowa ɗaukar wannan ra'ayi da ƙarfi shi ne Grahame Walsh. Ya kwashe shekaru yana ratsa dajin Kimberley, ya ɗauki hotunan zane ba iyaka, kuma har yau masu bincike suna cin gajiyar wahalarsa. Sai dai a littafinsa na 1994 ya karkata ga cewa wata al'umma ce ta dabam ta yi zanen, ta zo ta wuce kafin kakannin Aborijin na yau. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, bambancin salo. Ta biyu, wasu dattawan yankin da masu bincike suka tambaya a baya sun nuna ba ruwansu da zanen, har aka ruwaito wani ya kira shi tarkace.

Maganar ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. A 1992 Babbar Kotun Ostireliya ta yanke hukunci a shari'ar Eddie Mabo, ta rushe tsohuwar da'awar Turawa cewa ƙasar ba ta da mai ita lokacin da suka iso. A 1993 aka kafa dokar da ta ba 'yan asalin ƙasa damar neman gadon filayensu, da sharaɗin su nuna alaƙarsu da wurin ba ta yanke ba. A irin wannan yanayi, duk wanda ya ce zanen duwatsun nan ba na kakanninsu ba ne, ya miƙa makami ga masu son hana su ƙasa, ko da nufi ko ba da nufi ba. Shi ya sa a 1995 Ƙungiyar Masana Kayan Tarihi ta Ostireliya ta fito fili ta yi tir da wannan fassara.

Amma tir ba hujja ba ce. Ana bukatar a san shekarun zanen, kuma a nan gizo ke saƙa. Hanyar da aka saba auna tsufan abu ita ce ta sinadarin kabon: duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani nau'insa da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwa, sai a auna saura a gane tsawon zamani. Fentin waɗannan zane kuwa jar ƙasa ce mai tama, ba ta taɓa rayuwa ba. Abin da aka kwaɓa ta da shi ya daɗe da gushewa, launin ya shige cikin dutse ya zama jiki ɗaya da shi. Babu abin da za a kankaro a kai ɗakin gwaji.

Zaren farko ya fito daga bakin masu wurin. Dattawa huɗu na Ngarinyin, ɗaya daga cikin al'ummomin Aborijin na yankin, cikinsu har da David Mowaljarlai da Paddy Neowarra, sun yanke shawarar buɗe abin da a da ba a faɗa wa baƙo, aka tattara bayaninsu a wani littafi da ya fito a 2000. Suka ce sunan zanen Gwion Gwion, kuma yana da labari: wani tsuntsu mai dogon baki ne ya yi ta saran dutse har bakinsa ya yi jini, ya yi zanen farko da jinin. Suka ce mutanen cikin zanen magabata ne da suka kafa doka da tsarin zumunta. Ashe shirun da wasu dattawa suka yi a baya ba lallai rashin sani ba ne. Akwai ilimin da ba a zubar wa duk wanda ya tsaya da littafi da alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zare na biyu ya fito daga tsofaffin hotuna. Wani mai bincike, David Welch, ya jera zanen kusa da hotunan da aka ɗauka na Aborijin ɗin arewa cikin shigar bukukuwansu. Tuntun nan, ɗamarar nan, dogon adon kan nan, igiyoyin da ake riƙewa a rawa, da yawansu sai ga su a jikin mutane masu rai. Wannan ya raunana zancen baƙin al'umma, amma bai ba da shekara ba.

Mai ba da shekarar yana nan a rufin kogunan tun fil azal, ba wanda ya kula shi: zanzaro. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya san aikinsa. Yakan sauka bakin ruwa, ya dunƙula laka, ya tashi da ita, ya manna a lungu, ya koma ya ƙaro, har ya gina 'yan ɗakuna, ya cusa tsutsa ko gizo-gizo a ciki, ya yi ƙwai, ya toshe. A Kimberley ma haka yake yi a ƙarƙashin rumfunan dutse, inda ruwa ba ya taɓawa, wato daidai wuraren da masu zane suka zaɓa. Idan gidan ya rushe, gindinsa yakan saura a manne, ya taurare ya zama kamar dutse, ya yi dubban shekaru.

A 1997 Richard Roberts da abokan aikinsa suka gwada wani gidan zanzaro da ke kan ɗaya daga cikin zanen. Sun auna ƙwayoyin yashin cikinsa don gane rabonsu da hasken rana, suka sami kimanin shekara 17,000. Labari ya girgiza masana, amma gida ɗaya ne tak, kuma an yi ta ja-in-ja a kan ko da gaske yana bisa zanen sosai. Shaida ɗaya ba ta kashe shari'a.

Damien Finch na Jami'ar Melbourne shi ya ƙarasa aikin. Ya lura cewa ƙasar Kimberley tana shan wutar daji kusan kowace shekara, don haka lakar da zanzaro ke ɗiba cike take da burbushin gawayi. Gawayi kuwa itace ne da ya taɓa rayuwa, ana iya auna kabon ɗinsa. Sai wata matsala ta taso: idan gawayin ya daɗe a ƙasa kafin zanzaro ya ɗauka fa? Sai ya fara da gwada sababbin gidaje, waɗanda aka san ba su daɗe ba, ya gano yawan tazarar da gawayi ke ƙarawa, ya sa ta cikin lissafi.

Dabarar kamar ta yaɓen bango ce: abin da ke ƙarƙashin yaɓe ya riga shi, abin da ke samansa ya biyo baya. Gidan da mai zane ya shafa fenti a kansa ya girmi zanen. Gidan da aka gina a kan fenti ƙanensa ne. Da izinin masu ƙasar, kuma a gaban idonsu, tawagar Finch ta kankaro 'yan gutsattsari daga gidaje 24 da ke sama ko ƙasan zane 21. A watan Fabrairu 2020 sakamako ya fito: yawancin zanen Gwion Gwion an yi su ne kimanin shekara 12,000 da suka wuce. Shekara guda bayan haka, da dabarar nan, suka auna zanen wani kangaru mai tsawon mita 2 a ƙasar al'ummar Balanggarra, gidaje uku a ƙasansa, uku a samansa. Shekarunsa kimanin 17,300.

Yanzu sai a jera shaidun. Haƙe-haƙen da aka yi a kogunan Kimberley sun nuna mutane suna zaune a can tun kusan shekara 50,000. Ke nan lokacin da aka zana Gwion Gwion, mutane sun riga sun yi fiye da shekara 30,000 a wurin. Kafin Gwion akwai zanen dabbobi irin na kangarun nan, bayansa akwai wasu salo, har a iso ga Wanjina. Binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2016, wanda ya duba Aborijin 83, ya nuna su zuriyar mutanen farko ne da suka shiga nahiyar. Babu gurbin da za a saka wata ɓatacciyar al'umma. Salo ne ya sauya, kamar yadda yake sauyawa a hannun kowace al'umma mai rai.

Shekarar ta kuma haska dalilin sauyin. A wancan zamani ƙanƙarar duniya tana narkewa, teku yana hawa, yana cinye filayen bakin gaɓa da mutane suka rayu a kai. Masu binciken suna ganin matsin da ya biyo baya, dangi na komawa tudu suna cakuɗuwa da wasu, shi ya sa masu zane suka bar dabbobi suka koma kan mutum da adonsa, don ado shi ke faɗin ko kai ɗan wane gida ne.

A 2004 kotun tarayya ta tabbatar wa Ngarinyin da danginsu haƙƙin gado a kan fili fiye da murabba'in kilomita 60,000. Yau masu yawon buɗe ido suna zuwa da jiragen ruwa ta gaɓa, wasu da motoci ta hanyar Gibb River, su tsaya a wurare irin su Munurru inda Gwion da Wanjina suke kusa da juna. Al'ummar Wunambal Gaambera, wata daga cikin al'ummomin Aborijin na yankin, ta kafa takardar izinin shiga ƙasarta, kuɗin yana tafiya ga masu gadin dajinta da kula da wuraren. Wannan shi ne daidai, kuma bai kamata kowa ya ji nauyinsa ba. Wanda ya je, ya biya, ya bi ɗan jagora daga cikin masu wurin, ya tsare hannunsa daga dutsen, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. In an hana shi hoto ko an ƙi amsa masa wata tambaya, ya haƙura, don gadon mutane ya shiga, kuma magadan suna raye.