GWAMNATI DA KAMFANIN META: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

A ranar 19 ga Yuli, 2024, Hukumar Tarayya Mai Kula da Gasar Ciniki da Kare Haƙƙin Masu Saye, watau FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220. Wannan kamfani na ƙasar Amurka shi ke da Facebook da WhatsApp da Instagram. Maganar ta jawo muhawara a ko'ina cikin Nijeriya, har da birnin Bauchi, inda 'yan kasuwar Wunti da na Muda Lawal, da teloli, da matan da ke sana'a a cikin gida suke tallata kayansu suna karɓar ciniki ta waya. An shirya wannan takarda ne domin jama'a su san tushen maganar.

MENE NE BABAKERE?

Kowa ya san abin da kan faru idan mutum ɗaya ya saye hatsin kasuwa duka ya ɓoye. Shi zai yanka farashi, mai saye kuwa ba shi da inda zai juya. Wannan shi ne babakere. Doka ba ta hana kamfani girma ba. Abin da ta hana shi ne ya yi amfani da girmansa ya danne abokan gasa, ko ya ɗora wa masu hulɗa da shi sharaɗin da ba za su karɓa ba da suna da zaɓi.

Dokar da ake aiki da ita a kan haka ita ce ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon shekarar 2019. Ita ta kafa FCCPC a madadin tsohuwar Majalisar Kare Masu Saye ta 1992, ta kuma kafa kotu ta musamman wadda kowane kamfani zai iya kai ƙara gare ta in bai gamsu da hukunci ba.

YADDA MAGANAR TA TASO

Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014. A watan Janairu, 2021, WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa game da bayanan masu amfani da shi, ya ce kowa ya karɓa ko ya daina aiki da shi. A watan Mayu na wannan shekara hukumar ta fara bincike, daga baya ta haɗa hannu da Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya.

Mai karatu zai iya tambaya, ina zancen ciniki a abin da ake samu kyauta? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin yana samun kuɗinsa ne daga talla, talla kuwa tana tsada gwargwadon yadda aka san mutumin da za a nuna wa ita: lambarsa, da irin wayarsa, da waɗanda yake hulɗa da su. Bayanan mutum su ne kuɗin da yake biya.

Hukumar ta ce ta samu kamfanin da hana 'yan Nijeriya ikon zaɓen abin da za a yi da bayanansu, da rarraba bayanan ba da izini ba, da ba su kariya ƙasa da wadda ake ba mutanen wasu ƙasashe, da kuma tilasta musu sharuɗɗa saboda ƙarfinsa a kasuwa. Meta ya musa, ya ɗaukaka ƙara. A ranar 25 ga Afrilu, 2025, kotun ta tabbatar da tarar, ta ƙara dala 35,000 na kuɗin bincike. Kamfanin ya ce zai ƙara ɗaukaka ƙara.

RA'AYOYIN JAMA'A

Masu goyon bayan hukuncin suna ganin ƙasa mai 'yanci ba za ta zuba ido baƙon kamfani ya raina dokarta ba, kuma abin da aka ba Bature na kariya, Bahaushe ma ya cancanta.

Wasu kuwa tsoro ne ya kama su. A watan Mayu, 2025, labari ya bazu cewa Meta ya shaida wa kotu yana iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya, bayan tarar da hukumomi uku suka ci shi ta kai wajen dala miliyan 290. Jama'a ba su manta da dakatar da Twitter daga Yuni, 2021, zuwa Janairu, 2022, ba. Tsoron mai neman abincinsa ta waya abin dubawa ne. Amma wannan tsoro shi kansa yana nuna girman matsalar, domin da akwai wata hanya mai ƙarfi daidai da wannan, da barazanar ba ta girgiza kowa ba. Hukumar ta amsa cewa barin ƙasa ba ya sauke wa kamfani hukuncin kotu.

Akwai kuma masu zargin cewa kuɗin shiga kawai Gwamnati take nema. Ya kamata su sani cewa hukuncin ya wuce tara. An umarci kamfanin ya mayar wa jama'a ikon bayanansu, ya kuma daina miƙa bayanan WhatsApp ga Facebook sai da yardar mai su.

A SAURAN ƘASASHE

Ba Nijeriya ta fara wannan ba. Amurka ta yi dokar hana babakere tun 1890, ta kuma rarraba kamfanin mai na Standard Oil a 1911. A watan Agusta, 2024, wata kotun Amurka ta samu Google da laifin babakere a harkar bincike ta intanet. Indiya ma ta ci Meta tara a Nuwamba, 2024, a kan waɗannan sharuɗɗa na WhatsApp. Sai dai ba kullum gwamnati ke nasara ba. A Nuwamba, 2025, wani alƙali a Washington ya wanke Meta daga ƙarar da hukumar ciniki ta Amurka ta kai shi. Hujja ce ke yanke irin wannan shari'a.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Lalle ne kowa ya karanta sharaɗi, ko ya sa a karanta masa, kafin ya danna amincewa. Ɗan kasuwa ya riƙa rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi, kada ya dogara ga manhaja ɗaya. A guji yaɗa jita-jita sai an ji daga rediyo ko sanarwar hukuma. Wanda kuma yake ganin wani kamfani ya cuce shi, babba ko ƙarami, ya adana rasit da sauran shaidu, ya kai kukansa ga FCCPC. Ofishinta na shiyyar Arewa maso Gabas yana cikin garin Bauchi.