Ko Harsashi Yana Bukatar Maiƙo?

A Amurka akwai maharba da yawa da ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun yi harbi. Sukan tsince shi su kai gida, su sake cika shi da albarushi, su dasa masa sabon kai. A ƙasarmu dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gidansa, amma tambayar da masu koyon wannan aiki sukan yi ta dace da darasinmu na kimiyya: shin sai an shafa wa kan harsashi maiƙo kafin a dasa shi? Amsar tana ga irin ƙarfen da ke jikinsa.

Mu fara da dalma. Ƙarfe ne mai nauyi da taushi, ko da farce ana iya kartarsa, kuma yana narkewa a zafin digiri 327. Cikin bututun bindiga akwai tsaga masu murɗewa, waɗanda suke sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi sak. Idan dalma tsirara ta bi ta nan a guje, ga wuta a bayanta, sai ta riƙa barin ɓurɓushinta manne a jikin bututun. Kafin a jima tsagar ta cike, saiti ya lalace. Shi ya sa ake yi wa harsashin dalma zobba a gindinsa, a cika su da maiƙo. Mutanen da sun yi amfani da kitse haɗe da kakin zuma, wanda kuma yakan tausasa dattin da baƙin albarushi ya bari.

Kada mai karatu ya raina wannan ɗan kitse, gama ya taɓa girgiza mulkin Turawa a Indiya. An ba sojojin Indiya da ke ƙarƙashin kamfanin Ingila sabuwar bindiga mai suna Enfield, ƙirar 1853. Harsashinta a naɗe yake cikin takarda mai maiƙo, sai soja ya yage ta da haƙori kafin ya ɗura. Labari ya bazu cewa kitsen saniya ne da na alade, wato abin da Hindu ba zai taɓa ba, Musulmi kuma ba zai sa a baki ba. A garin Meerut sojoji 85 suka ƙi karɓar harsashi, aka ɗaure su. Ran 10 ga Mayu 1857 'yan'uwansu suka yi tawaye, a shekarar 1858 kuwa aka ƙwace mulkin Indiya daga hannun kamfanin. A ganina manyan hafsoshin sun san bindiga, amma ba su san mutanensu ba.

Canji ya zo ne a 1882, sa'ad da Eduard Rubin na ƙasar Suwizalan ya fito da harsashin da aka sa wa dalmarsa riga ta ƙarfe mai tauri. A yau rigar galibi ta jan ƙarfe ce, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085. Tun da dalmar ba ta taɓa bututu, irin wannan harsashi ba ya bukatar maiƙo ko kaɗan. Shafa masa ma hatsari ne: man yakan bi ya shiga inda kwanso yake zama, ya hana shi kama bango, sai ƙarfin fashewar ya koma baya wajen fuskar maharbi.

Inda sababbin shiga sukan rikice shi ne kwanson. Shi kam ana shafa masa mai kaɗan lokacin da ake matse shi ya koma girmansa na fari, in ba haka ba sai ya maƙale cikin injin. Amma da an gama sai a goge shi tas kafin a cika.