Zoɓo da Haɗarin Dogara ga Mai Saye Ɗaya

A Kado, unguwar da ke maƙwabtaka da Jabi da Gwarinpa a Abuja, zoɓo abin sha ne na yau da gobe, wanda mata ke dafawa da citta da kanumfari, su ɗura a robobi, su jera cikin kula mai ƙanƙara a bakin kasuwar kifi. Sai dai farashin busasshen zoɓon da suke aunowa da mudu ya fi danganta da kasuwar ƙetare, domin kaso mafi tsoka na wanda Najeriya ke fitarwa, musamman daga Jigawa da Kano da Katsina, ƙasar Meksiko yake tafiya, inda ake jiƙa shi a sha da sanyi.

Masana tattalin arziki na kiran halin da kaya suka fi masu saye yawa da rarar kaya, kuma daga cikin abubuwan da ke haddasa shi akwai biyu: ko dai manoma su yi tururuwa zuwa amfanin gonar da ya yi tsada bara, ko kuma babban mai saye ya janye hannunsa ba zato. Na biyun ne ya sami zoɓo a ƙarshen shekarun 2010, lokacin da Meksiko ta dakatar da karɓarsa saboda ƙwarin rumbu da aka gani a cikin kayan, buhuna suka taru a rumbunan 'yan kasuwa, kuma ba a sake buɗe hanya ba sai bayan shekaru, bisa sharaɗin a yi wa kayan feshin hayaƙi a wuraren da aka amince da su.

Manoman inabi na ƙasashen da ke yin giya sun ɗanɗana irin wannan. A 2020 Sin ta ɗora wa giyar Ostareliya haraji mai nauyi wanda ba ta cire ba sai 2024, yayin da Faransa ta ware Yuro miliyan 200 a 2023 domin sauya rarar giyarta zuwa sinadarin masana'antu, saboda masu sha sun ragu.

Bambancin, wanda shi ne abin damuwa, shi ne manomin zoɓo na Maigatari a Jigawa ba shi da gwamnatin da za ta sayi rararsa, kuma da wuya ya sami rumbun da zai adana kaya har farashi ya farfaɗo. Abin da ke rage masa asara shi ne masu shan zoɓo na cikin gida, irin na Kado, don haka ya wajaba hukumomi da masu zuba jari su ƙarfafa sarrafa shi a nan, tare da neman ƙarin ƙasashen da za su saya.